Ƙanena yana ƙauye a Ingila, ya ce miliyan ɗaya da rabi ba ta kai shi ƙarshen wata

Ɗan Ader, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya taɓa zaman Ingila ya warware mini wata magana da ta hana gidanmu sakat. Ƙanena yana aikin gwajin jini a wani asibiti can, yana zaune da matarsa da yara biyu a wani ƙauye kusa da birnin Pitaboro. Da bakinsa ya faɗa mini abin da ke shiga hannunsa bayan an cire haraji fam 2,100 ne a wata. Fam ɗaya tana tsakanin sefa 750 da 780, ke nan kuɗin sun haura miliyan ɗaya da rabi. Amma abin da yake aiko wa Inna jika 75 ne, wani watan ma sai ya ce a yi haƙuri. Ragon layyar bana ni kaɗai na saya. Inna ta fara cewa matarsa ce ta kanainaye shi, ni kuma ba na son zancen ya kai can.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba Landan yake ba. A hotunan da yake turowa, bayan gidan gonaki ne har iya ganinka. Me ake saye a ƙauye da zai cinye kuɗi haka?

Malamin Yantala, Yamai:

Wa alaikumus salam Ɗan Ader. Na zauna irin wannan wuri a yankin Lesta kafin in dawo gida, kuma tun daga farko zan ce maka ƙanenka bai yi maka ƙarya ba.

Abin da ya gani ya kira ƙauye, unguwar masu hali ce da aka dasa tsakiyar gonaki. Yawancin mazauna wurin ba manoma ba ne, a birni suke aiki, ko tsofaffi ne da suka yi ritaya. Gonar da ke bayan gidansa ta wani ce, ko ganye ɗaya ba zai tsinka ba. Gida mai ɗaki biyu a irin wurin, ka sa masa fam 900 zuwa 1,000 a wata. Kafin a miƙa maka makulli kuma sai ka ajiye kuɗin jingina, wanda doka tun 2019 ta ce kada ya wuce hayar sati 5.

Bayan haya akwai harajin gida na ƙaramar hukuma, kuma mai zaune cikin gidan ne ke biya, ko da haya yake. An kasa gidaje aji 8, daga A zuwa H, bisa darajar da suke da ita a 1991. A 2025 matsakaicin harajin aji D a Ingila fam 2,280 ne a shekara. Ƙaramin gida irin nasa, in aji B ne, ya kusa fam 180 duk wata, daga Afrilu zuwa Janairu. Da shi ake kwashe shara, a biya 'yan sanda da masu kashe gobara, a kula da tsofaffi. Ba ya jiran ka samu, banki ne ke cire shi ranar da aka yanka.

Inda ƙauye ke rama arhar hayarsa wuri biyu ne: ɗumama gida da mota. Ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai su ba, sai tankin kananzir a bayan gida. Masu kawowa galibi ba su tayar da mota don ƙasa da lita 500, kuma a dunƙule za ka biya. Hukumar makamashi tana sa wa farashin lantarki da gas iyaka, amma kananzir ba ya ciki, yadda kasuwa ta tashi haka za ka saya. Mu nan in zafi ya yi, ka jawo tabarma tsakar gida ka kwana kyauta. Can daga Oktoba har Afrilu sai an kunna, in ka yi rowa bango ya jiƙe ya yi baƙi, yara su kama tari, mai gida kuma ya zabge kuɗin jinginarka.

Mota kuwa dole ce. Bas na iya wucewa sau ɗaya a awa, da yamma ta ɗauke, Lahadi wani wurin babu ita sam. Babu kabu-kabu, babu wanda za ka ɗaga wa hannu. Mai aikin asibiti da ke shiga da dare ba shi da zaɓi. Permin Nijar wata 12 kawai yake yi maka aiki, daga nan sai ka sake jarrabawa tun daga tushe. Inshora kuma kallon sabon direba take yi maka ko ka shekara 15 kana tuƙi tsakanin Tawa da Konni. Ƙara mai, ƙara binciken lafiyar mota na shekara-shekara, fam 250 zuwa 300 sun tafi a wata.

Yanzu tara: haya 950, haraji 180, wuta da kananzir kamar 180, mota 270, ruwa da intanet da waya 100, cefanen mutum huɗu 450. Ka ga an wuce 2,100, ba a sayi takalmin yaro ba, ba a biya lasisin kallon telebijin ba, wanda ya koma fam 174.50 na shekara a Afrilun 2025. Jika 75 ɗin Inna, ina kyautata zaton daga ƙarin awoyin Asabar da Lahadi suke fitowa.

Direban Wadata:

Malam, lissafinka ya yi kyau, amma kun cika ba 'yan waje uzuri. Makarantar yara kyauta, ganin likita kyauta, wuta ba ta ɗaukewa. Mu nan duk muna biyan waɗannan kuma muna riƙe iyaye. In zaman bai biya ba ya tattaro ya dawo, Tawa ma ana gwajin jini. Kuma wa ya hana matar aiki?

Maman Tagwaye, Yamai:

Direba, tambayarka ta ƙarshe ni zan amsa, don diyar yayata tana can wani ƙauye a yankin Nofok na Ingila, kusan kullum muna waya. Wa za ta bar wa yaran? Babu kaka, babu ƙanwa, babu 'yar maƙwabta da za a ce riƙe mini shi in je in dawo. Gidan reno da awa ake biya, kuma mafi ƙarancin albashi ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. In yaran biyu ƙanana ne, abin da ta samo can zai tafi. In ka kulle yara su kaɗai wani abu ya faru, hukuma ce za ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Kyautar likita ma a duba ta. Yawancin baƙi suna biyan fam 1,035 na kowace shekara tun wurin neman biza, duk da an yafe wa masu bizar aikin lafiya. Babba in an rubuta masa magani, fam 9.90 ne kowane iri. Yawancin bizoji kuma a rubuce yake ba ka da rabo a tallafin gwamnati.

Ɗan Ader, don Allah a sassauta wa yarinyar nan. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Mijin ya tafi da mota, ita tana cikin gida da yara, maƙwabta su gaishe ta da fara'a ta kan shinge su shige, shi ke nan hirar yini. Naman halal sai an shiga birni, a sayo na wata guda a cusa a firigo. Shagon ƙauyen ya fi manyan kantunan arha irin su Aldi da Lidl tsada, kuma ba a rubuta bashi. Ko gishiri ya ƙare ba ta da gidan da za ta aika. Wadda ke cikin wannan hali ba ita ke cinye kuɗin Inna ba.

Malamin Yantala, Yamai:

Direba yana da gaskiya a abu ɗaya: makarantar gwamnati kyauta ce, in ma ta yi nisa da gida fiye da mil 2 ga yaro ƙasa da shekara 8, hukuma ke ɗaukarsa. Shi ya sa mutane ke daurewa. Dawowa kuwa, tikitin mutum huɗu kaɗai ya fi albashin wata.

Ɗan Ader, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, daren nan zan karanta wa Inna naki, don daga bakin mace zai fi shiga. Direba, maganarka ma ba zan ɓoye masa ba.

Malam, saura tambaya ɗaya. Ya taɓa ce mini yana tunanin komawa cikin Pitaboro kusa da masallaci ya sayar da motar, matar kuma ta samu mutane. In hayar birni ta ɗara da fam 150 amma mota da kananzir suka fita daga lissafi, in ƙarfafa masa gwiwa, ko akwai wani kuɗin da ke jiransa can?