Musayar Waƙa a Kan Tsofaffin Hotunan Talabijin

Dattijo:

Da sunan Allah nake farawa,
'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwa.
Tsofaffin hotunan talabijin
na zauna ina ta maimaitawa.
Ga Armstrong a shekarar 1969,
a kan wata yake ta takawa;
hoton baƙi da fari ne, dishi-dishi,
inuwarsa kawai ake hangowa,
amma mutanen duniya sun yi tsit,
ba wanda yake son ko ƙiftawa.
Ga ɗan dambe Muhammad Ali a Kinshasa, a 1974,
jikin igiya yana jinginawa,
ya bar Foreman yana ta kai naushi
har ƙarfinsa ya zo ga ƙarewa,
a zagaye na takwas ya kai shi ƙasa,
alƙali ya kammala ƙirgawa.
Ni dai hukuncina, shirin da can
ya fi na yau nauyi da gamsarwa.

'Yar Alƙalami:

Baba, na ji baitocinka sarai,
cikin ladabi nake son amsawa.
Abin da ke gabanka ragowa ne,
mafi yawa sun gamu da shafewa.
A 1956 kamfanin Ampex
ya fito da na'urar naɗewa,
faɗin tef ɗinta inci biyu ne,
tsadarsa kuwa sai jinjinawa,
don haka da zarar shiri ya fita,
sabo a kansa ake ɗorawa.
BBC ta yi shekaru a kan haka,
sai wajen 1978 ta koma adanawa.
Ko saukar watan da ka ambata,
NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, a 2009 ta yi sanarwa
cewa tef na asali an goge shi,
kwafi ne yau muke yabawa.
Ta yaya tsintaccen abu kaɗan
zai isa ma'aunin gwadawa?

Malam Na Gefe:

'Yata, bayaninki ya yi daidai,
sai dai gaɓa ɗaya ba ki taɓa ba:
mai goge tef umarni yake bi,
bai tsaya tantance mai kyau ba.
Wasanni da yawa sun salwanta,
ba don sun gaza burge jama'a ba;
masu tasha sun ɗauki kowane shiri
abin da ba za a sake nema ba.
Wanda ya tsira, sau da yawa,
kwafin fim ne da bai koma gida ba,
wanda aka sayar wa tashoshin ƙetare,
su kuma ba su lalata shi ba.
A 2013 aka gano a Jos,
inda masu nema ba su zata ba,
kashi 9 na wani wasan BBC
a ɗakin ajiyar da ba a kula ba;
tun 1967 da 1968 aka yi su,
kuma Landan ba ta riƙe nata ba.

Dattijo:

Malam, kun zo da hujja ku biyu,
amma ra'ayina bai sauya ba,
domin nauyin da nake nufi
ba a cikin tef yake zaune ba.
Tasha ɗaya ce ko biyu a lokacin,
kuma ba ta kwana tana aiki ba;
wanda ya makara ya rasa ke nan,
ba za a mayar masa baya ba.
Ranar 11 ga Fabrairu, 1990,
an zuba ido, Mandela bai fito ba,
masu sharhi sun yi ta jan zance,
ba wanda ya ce ba zai jira ba,
don ya yi shekara 27 a kurkuku,
mafi yawan jama'a ba su ga fuskarsa ba.
Guntun da ake yawo da shi yau
bai ɗauko wannan jiran ba.

'Yar Alƙalami:

Baba, jiran kam ba ya naɗuwa,
a nan ba ni da abin musantawa.
Damuwata kaset ɗin da ke gidaje,
zafi da laima suna cinyewa,
kuma masana'antar Funai ta Japan a 2016
ta daina ƙera injin kunnawa.
Malam, wanda ke da irinsu a akwati,
ta ina zai fara kwafewa?

Malam Na Gefe:

Ya nemi bidiyo mai lafiya tukuna,
kada ya saka kaset bai duba ba,
domin mai fumfuna yana ɓata injin
in ba a fara tsabtace shi ba.
Ya haɗa da kwamfuta, ya yi kwafi biyu,
ba a wuri ɗaya zai ajiye su ba,
ya rubuta shekara da sunan tasha
tun masu sani ba su manta ba.