Siririyar jijiya tun haihuwa tana jawo fashewar kumburi a ƙwaƙwalwa?

Ƙanwar mara lafiya:
Assalamu alaikum. Yayata ta faɗi da matsanancin ciwon kai da amai, hoto kuma ya nuna cewa wani kumburi ne a jikin jijiyar jinin ƙwaƙwalwarta ya fashe. Likita ya ce ɗaya daga cikin jijiyoyi biyu na gaba siririya ce tun haihuwa. Shin wannan ne sanadi, kuma mu 'yan'uwanta muna cikin haɗari?

Malamin jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. A ƙasan ƙwaƙwalwa jijiyoyin jini sun haɗu sun yi zobe, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a 1664, kuma mutane da yawa nasu bai cika yadda aka zana a littafi ba, amma suna zaune lafiya lau. Inda matsala take shi ne, idan jijiyar gefe ɗaya ta tsuke, sai 'yar'uwarta ta ɗauki nauyin ciyar da ɓangarorin biyu, jini ya riƙa ratsa gajeriyar jijiyar da ke haɗa su da ƙarfi, yana dukan mararrabar shekara da shekaru har bangonta ya yi rauni ya kumbura. Wannan mahaɗa tana cikin wuraren da aka fi samun kumburin.

Ɗalibar likitanci:
Malam ya yi bayani, sai dai kada a ɗora wa halitta laifin duka. Kimanin mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da irin wannan kumburi, kuma yawancinsu ba ya fashewa. Hawan jini da shan sigari su ne ke ƙara haɗarin. Galibi ba a shawartar dangi su yi hoto sai an samu mutum biyu na jini ɗaya, kamar iyaye ko 'yan'uwa, da ciwon. Ki fara da auna hawan jininki, 'yar'uwa.

Malamin jinya:
Haka ne. A wurin tiyata ne wannan bambancin na halittar jijiyar ya fi nauyi, domin ko za a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, kamar yadda Walter Dandy ya fara a 1937, ko a cika shi da siririyar waya ta cikin jijiya, dole a bar mahaɗar a buɗe, tunda ta nan ɗaya ɓangaren yake samun jini. Ku kuma sa ido daga kwana na 4 zuwa na 14, lokacin da jijiyoyi kan tsuke bayan zubar jinin. Saboda haka ake ba da maganin nimodipine har kwana 21.