Taƙaitawa: Shawarwari Kan Ziyartar Babban Baje Kolin Duniya

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda a sayi tikiti ta intanet tun da wuri, a kuma kama gurbi a rumfunan ƙasashen da ake rububi, domin layinsu kan cinye awanni.
2. Takalmi mai taushi, gorar ruwa da batirin cajin waya, tunda tikiti da taswira duk a waya suke.
3. A guji ranakun hutu da makonnin ƙarshe kafin a rufe baje kolin.

Inda aka rabu: wasu sun ce sammako, wasu sun fi son yamma, bayan jama'a sun ragu. Ni dai masu yara, sammako ya fi musu.

Masu tafiya tare su tsayar da wurin haɗuwa, ko da wani zai ɓace.