Ina zan je kallon tsuntsayen ruwa?

ɗanMarwa: Salam jama'a, yarana sun dame ni sai sun ga gauraka ido da ido, sai na kai su bakin teku Duwala ne ko akwai kusa?

Kusiri_boy: Haba Alhaji, wace Duwala kuma, ga tafkin Maga nan kusa da kai! Tun 1979 aka tare ruwan saboda noman shinkafa, zalɓe, dinya, kirinjijiya duk suna nan, ka je tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin na Turai ma sun sauko gudun sanyi.

Hajiya_Garwa: Ku yi sammako dai, rana na ɗagawa sun watse. Kuma kar yara su kusanci ruwa, akwai dorina.

ɗanMarwa: Shamuwa fa?

Kusiri_boy: Wannan sai damina ta kawo kai.