Wace kalma za a sa wa stunting? Gobe da safe shirin zai fita

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 ina da shiri kan abincin yara a unguwannin talakawa na cikin birni. Takardar da aka ba ni ta raba stunting da wasting, ni kuwa duk tamowa nake ce musu. A agaza min don Allah.

Anti Nas: Kar ki haɗa su, ƙanwata. Wasting rama ce, nauyin yaro bai kai na tsayinsa ba. Ita muke aunawa da tef a damtse, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, a ba shi Plumpy'Nut, gyaɗar nan ta leda. Stunting kuwa tsayi ne bai kai na shekaru ba. Sai ki ga yaro ɓul-ɓul, ciki cike da koko da taliya, ga ruwan 'yan garuwa yana sa shi gudawa, uwa tana cewa gajartar gidansu ce. Daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2 ake ɓarnar, kwana 1,000 ɗin nan. Mu tsumburewa muke cewa.

Malamin Hausa: Tsumburewa ai zagi ce. Wace uwa za ta yarda a kira ɗanta tsumburarre? Na daɗe da ƙirƙiro "tauye-girma", a gwada ta.

Ɗan Maraɗi: Malam, in na ji an tauye wa mutum girma, mutuncinsa aka zubar.

Malamin Hausa: Da amfani kalma take zaunawa. Ku da kuke cewa tef da leda, har kuna da bakin gyara?

Ɗan Maraɗi: Ku dai Kanawa kun ɗauka a kasuwar Kurmi aka yanke wa Hausa cibi.

Malamin Hausa: Wa ya ce maka Bakano ne ni?

Mai Shirin Lafiya: Haba jama'a, dare na yi! Zan faɗi tsumburewa sau ɗaya don a gane, daga nan in riƙa cewa "yaron da tsayinsa bai kai shekarunsa ba".

Malamin Hausa: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Amma shirinki ne.

Anti Nas: Ko me kika kira shi, ki gaya wa iyaye gyaɗar ledar magani ce ta mai rama. A daina raba wa yayyensa, a daina kai ta kasuwa.