Me ya sa aka hana Wendell Scott kofinsa a 1963?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani a kan Wendell Scott, baƙar fatan Amurka na farko da ya ci tsere a babban rukunin gasar motoci ta NASCAR. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ya yi nasara amma ya koma gida babu kofi. Yaya aka yi haka?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, Malam. Abin ya faru ne ranar 1 ga Disamba, 1963, a birnin Jacksonville na jihar Florida. Tseren zagaye 200 ne, kuma da aka kammala sai aka ayyana Buck Baker, wanda farar fata ne, a matsayin zakara. Scott bai amince ba, aka koma kan lissafi, sai ga shi ya yi zagaye 202. Kafin a tabbatar masa da nasararsa 'yan kallo sun watse, kofin ma ya yi gaba, sai kuɗin gasar kawai aka miƙa masa. Mutane da yawa suna ganin da gangan aka yi, domin bisa al'ada zakara yakan tsaya kusa da sarauniyar kyau ta gasar, abin da Kudancin Amurka na zamanin wariyar launin fata ba zai lamunta ba.

Bakanike: Ni kuwa, ɗan'uwa, abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya jure shekara goma sha uku a wannan rukuni ba tare da wani babban kamfani ya tsaya masa ba. Haifaffen Danville ne a jihar Virginia, a 1921, ya yi kanikanci a rundunar sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka da hannunsa yake gyara tsofaffin motocin da yake saya, 'ya'yansa maza suna taya shi. Duk da haka ya shiga tsere 495 da motarsa mai lamba 34, ya kuma zo na shida a jimillar maki a 1966, kafin mummunan hatsarin da ya yi a filin tseren Talladega a 1973 ya kawo ƙarshen tserensa.

Tsohon Direba: Haka ne. Ya rasu a 1990, aka sanya shi cikin zauren gwarzayen NASCAR a 2015, sannan a 2021 hukumar NASCAR ta miƙa wa iyalinsa sabon kofi na tunawa da nasararsa ta 1963. A shekarar ce kuma Bubba Wallace ya ci tsere a Talladega, ya zama baƙar fata na biyu da ya yi nasara a wannan rukuni.