Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Genre" a Darasin Adabi?

Malamin Hausa a wata sakandare, Katsina:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina shirya darasin adabi na aji ɗaya na babbar sakandare, sai na sake cin karo da kalmar "genre", wadda Ingilishi ya aro daga Faransanci, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin iri ko zuri'a. Da ita masana ke nufin rukunin ayyukan adabi da suka yi tarayya a manufa da tsari da abin da mai sauraro ke sa ran ji, kamar tatsuniya da ƙissa da kirari da waƙar wa'azi. A cikin littattafan da ke hannunmu na ga wani ya rubuta rabe-rabe, wani nau'i, wani reshe, wani kuma fanni, har ɗalibi ya tambaye ni ko abu huɗu ne zai haddace. Fanni dai na ajiye shi gefe, domin mun saba jin sa a fannin likitanci da fannin shari'a, wato fagen karatu. Rabe-rabe kuwa sunan aikin rarrabawa ne, kuma ba shi da tilo mai daɗin faɗi, domin ba za ka ce wa yaro tatsuniya "rabe" ce ba. Saura nau'i da reshe, sai kuma jinsi da wani abokin aikina ya kawo, bisa hujjar cewa masanan Larabci suna cewa ajnasin adabi. Ina neman shawararku.

Malamar firamare, Daura:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ina roƙon a cire jinsi tun kafin a yi nisa. Yaron da zai shiga darasin adabi bayan tara shi ne ya fito daga darasin nahawu da safe, inda aka koya masa jinsin namiji da jinsin mace, kuma idan ka tambaye shi jinsin tatsuniya zai ce maka mace ce, ba kuwa za ka iya cewa ya yi kuskure ba.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, yaranmu sun san wannan abu kafin su san sunansa. Idan na shiga aji biyu na ce "Ga ta nan, ga ta nanku", kafin in rufe baki sun amsa "Ta zo mu ji ta", sun gyara zama suna jiran Gizo da Ƙoƙi, kuma ba wanda zai tsayar da ni ya ce dabba ba ta magana. Idan na ce "Ƙulin ƙulifita" sai su ce "Gauta", kowa ya shirya ba da amsa. Idan kuwa na fara ba su labarin Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aji ya yi tsit, kuma da zan rufe shi da "ƙurunƙus" da a ranar magana ta kai gidajen iyayensu. Saboda haka ni kalmar da nake yi musu amfani da ita ita ce iri. Ina cewa, "Wannan wane irin labari ne?" kuma ban taɓa ganin yaron da ya tsaya neman ƙarin bayani ba.

Dattijo, tsohon malamin kwalejin horar da malamai, Katsina:

'Yata, kin yi magana mai kyau, kuma iri Hausa ce tsantsa, har ma ta dace da asalin kalmar baƙuwar, domin manomi da ya ce irin gero yana nufin abin da ake shukawa ya haifar da mai kama da shi, haka kuma kowace sabuwar waƙar yabo daga tsoffin waƙoƙin yabo take tsirowa. Matsalarta ɗaya ce, ta yi yawa a bakin mutane har ta rasa kaifi. Muna cewa "irin wannan", "iri-iri", "ba irinsa", kuma mai nazari yana bukatar kalmar da za ta tsaya ita kaɗai a kan takardar jarrabawa ba tare da ta narke cikin sauran magana ba. Idan ka rubuta "Bayyana irin wannan waƙa", wani ɗalibi zai ɗauka ra'ayinsa ake nema, ya rubuta maka cewa mai daɗi ce.

Shawarata ita ce a gane cewa matakai biyu muke cakuɗawa. Akwai manyan kashi uku da kowane ɗalibi ya sani, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo, kuma waɗannan su suka cancanci sunan reshe, jam'i rassa, domin daga gindi ɗaya suka fito. A ƙarƙashin kowane reshe ne ake samun abin da Malam ke tambaya, kuma nan nau'i ya fi zama daidai, jam'i nau'o'i. Kalmar daga Larabci take, amma adabi ma daga can ya zo, haka baiti da ƙissa da hikaya da ƙafiya, kuma a garin Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani ba na jin akwai wanda zai kira aron Larabci baƙon abu. Sai mu ce reshen zube yana da nau'o'in tatsuniya da almara da hikaya da ƙissa da tarihihi (labarin mutanen da mai kama da tarihi wanda aka yi wa ƙari) da ƙagaggen labari. Reshen wasan kwaikwayo kuma ya haɗa tashe da wasan gauta da wasannin rediyo da na dandamali.

Kada a ɗauka rigimar suna kawai muke yi. Lokacin da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, babban cikas da ya samu shi ne malamai da yawa na ganin labarin da bai faru ba tatsuniya ce, abin hirar mata da yara da dare, wadda ba ta kai a zuba mata tawada ba. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki, aka buga su a 1934 tare da sauran ukun da suka yi nasara. Sabon nau'i ne ya shigo ba shi da suna, shi ya sa aka yi ta auna shi da mudun tatsuniya kafin "ƙagaggen labari" ya zauna.

Ɗalibar digiri na biyu, Katsina:

Allah ya gafarta Malam, na karɓi reshe da nau'i, amma akwai kalma ta biyu da ke tafiya tare da wadda ake nema, wato "form", kuma idan ba a ba ta nata suna ba, za ta koma ta shige cikin nau'i. Waƙar wa'azi nau'i ce, amma ana iya rubuta ta 'yar ƙwar biyu (mai layi biyu a kowane baiti) ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, wani ma ya ɗauki ta wani ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layuka uku a kan kowane baiti mai layi biyu ya zama biyar, alhali wa'azin bai canja ba. Zubi da tsari sun riga sun samu aiki a wajen nazarin yadda labari ke gudana, salo kuma na marubuci ne shi kaɗai. Ina ba da shawarar ƙira, tunda mun riga mun amince da ƙirar kalma a ilimin harshe, kuma kowa ya san fartanya da lauje ƙarfe ɗaya ne, ƙira ce ta bambanta su.

Malamin Hausa a wata sakandare, Katsina:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malama da ƙanwata. Na gwada kalmomin uku a kan allo yau da safe da wata waƙar Mamman Shata, kuma ajin ya tafi lafiya: reshe waƙa, nau'i yabo, ƙira kuwa ta baka ce mai amshi da kiɗan kalangu. Zan bar wa 'yan firamare iri kamar yadda Malama ta ce, nau'i ya fara daga ƙaramar sakandare. Inda muka tsaya shi ne labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu, domin rabin ajin sun ce nau'insa tarihi ne, sauran suka ce tarihihi, wata yarinya 'yar Daura kuma ta ce ita ta sha ruwan rijiyar da bakinta, don haka kada wanda ya kuskura ya rubuta almara. Na ba su aikin gida kowa ya kawo hujjarsa ranar Litinin.